Sos ɗin kirim mai tsami na cin kifin salmon: tambayoyi da amsoshi

Masu aiko waɗannan tambayoyi iri biyu ne. Akwai mazauna Turai da Amurka, inda salmon yake a kowane kanti, akwai kuma waɗanda suka sayo shi a daskare a manyan kantunan Abuja ko Kano ko Yamai da kuɗi mai yawa, suna tsoron kada sos, wato 'yar miyar da ake zuba wa kifin, ya ɓata musu shi. Matsalolinsu kusan ɗaya ne: sos ya tsinke, ko ya yi salam, ko maiƙo ya ginshi mai ci tun bai kai rabin faranti ba.

Me ya sa ake dagewa sai sos ɗin salmon ya yi tsami? Kirim kaɗai bai isa ba?

Bai isa ba. Salmon kifi ne mai kitse, musamman wanda ake kiwo a keji cikin teku. Idan aka zuba masa kirim zalla, wato maiƙon da ake yaɗowa daga saman madara, an ɗora mai a kan mai ke nan. Loma ta farko za ta yi daɗi, ta uku kuwa sai harshe ya yi nauyi. Tsami shi ke wanke baki tsakanin loma da loma, shi ke rage ƙarni, shi ke sa gardin kifin ya fito. Aikin kirim shi ne ya ɗauko tsamin nan ya tausasa shi, ya sa ya manne a jikin kifi maimakon ya gangare gindin faranti.

Saboda haka ni idan ina haɗa sos ɗin nan, da tsami nake fara tunani, kirim ya biyo baya. Duk sauran amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suka tsaya.

Kifin da ake ce wa salmon a kasuwarmu shi ne wannan?

Ba lallai ba ne. A Ghana, alal misali, kifin da ake kira salmon a kasuwa, musamman kyafaffe, yawanci shi ne wanda a Najeriya ake kira titus. Salmon na ainihi tsokarsa ruwan lemo ce zuwa ja-ja, da fararen layukan kitse a tsakani. Yawancin wanda ke kasuwannin duniya na kiwo ne, ƙasar Norwe ce kan gaba wajen samar da shi, Chile na biye. A Norwe kiwonsa a keji cikin teku ya kankama ne a 1970 a tsibirin Hitra. Na daji kuma, wanda ake kamowa a Alaska, bai kai na kiwo kitse ba, don haka ba ya buƙatar tsami da yawa. Idan titus ne a hannu, ba asara aka yi ba, a duba amsar ƙarshe.

Wane kirim zan saya? Na ga kala-kala a kanti.

A juya kwalin a duba yawan kitsen da aka rubuta, wannan lambar ita ce komai. Kirim ɗin da zai hau wuta ya haɗu da lemun tsami ya kamata kitsensa ya kai kashi 30 cikin ɗari ko sama. Wanda ake bugawa don ado a kan kek yana tsakanin kashi 30 zuwa 36, mai kaurin da ake sayarwa a Birtaniya ya kai 48, shi kuwa marar kauri na zubawa a shayi ko kofi yana wajen 18, kuma shi ne ya fi saurin ba mutum kunya a tukunya.

Akwai kuma waɗanda suka zo da tsaminsu. Na Faransa, wanda aka rubuta crème fraîche a jikin robarsa, kitsensa ya kai 30 ko fiye, yana jure tafasa, kuma a ganina babu kamarsa a wannan girki. Na Amurka mai suna sour cream yana wajen 18 zuwa 20, na Suwidin da ake kira gräddfil wajen 12. Waɗannan biyun na sos mai sanyi ne, ko a zuba bayan an sauke tukunya. A kula da abu ɗaya: wasu kwalayen kirim na kek an riga an sa musu sukari, wasu ma da man itatuwa aka yi su. Mai sukari ba ya shiga wannan girki ko kaɗan.

Ina son hanya guda mai sauƙi ta sos mai zafi. Yaya ake yi?

Ga na mutum huɗu. A yanka ƙaramar albasa guda ɗaya ƙanana sosai, a narkar da babban cokali ɗaya na bota a kasko, a soya albasar a wuta kaɗan har ta yi laushi ta yi haske, kada ta yi ja. A zuba romon kifi rabin kofi, wato kamar mililita 120, a bar shi ya tafasa har ya tsotse ya koma kamar cokali uku. Wannan tsotsewar ita ke tara ɗanɗano, kada a yi gaggawar wuce ta. Sai a zuba kirim mililita 200, a rage wuta, a bar shi yana ɓararraka a hankali minti huɗu ko biyar.

Yadda ake gane ya yi: a tsoma cokali, a juya bayansa, a ja yatsa a tsakiya. Idan layin da yatsa ya bari ya tsaya fes, gefe da gefe bai malalo ya rufe shi ba, kauri ya isa. A sauke daga wuta. Yanzu ne za a zuba gurzajjen ɓawon rabin lemun tsami, da ruwansa babban cokali ɗaya, da gishiri, da ɗan masoro, da yankakken ganyen ƙamshi kamar dil ko lawashi. A juya, a ɗanɗana.

A nan mutane da yawa ke tsayawa da wuri. A ɓantari ɗan kifin a dangwala a sos a ci tare, domin sos ɗin da ya yi daidai a cokali yakan yi salam idan ya hau kifi. Ya kamata a cokali ya ɗan fi ƙarfin baki kaɗan. Idan bai kai ba, a ƙara lemun tsami ƙaramin cokali ɗaya, a sake gwadawa, har a zo wurin.

Me ke sa sos ɗina yin gudaji-gudaji da zarar na matsa lemun tsami?

Abin da ke sa madara ta zama cuku shi ne ya faru a tukunyar. A cikin madara akwai sinadarin gina jiki mai suna kasin, wanda ke yawo a warwatse muddin madarar ba ta yi tsami ba. Da tsami ya kai wani mizani, wato 4.6 a ma'aunin tsami na pH, sai ƙwayoyinsa su dunƙule su rabu da ruwa. Ruwan lemun tsami yana wajen 2 zuwa 2.5, ya fi wannan mizanin ƙarfi nesa ba kusa ba, domin a ma'aunin nan ƙaramar lamba ita ce tsami mai ƙarfi. Zafi kuma yana hanzarta dunƙulewar. Tsami da tafasa idan suka haɗu a kan madara marar kitse, a cikin daƙiƙoƙi za ta rabu.

Kirim mai kauri yana tsira ne saboda kitse ya yi yawa a cikinsa, kasin ɗin kuma kaɗan ne, ga shi kitsen ya shiga tsakaninsu ya hana su haɗuwa. Shi ya sa na nace a kan kashi 30 a amsar zaɓen kirim. Abin kiyayewa uku ne: kirim mai kitse, a bari ya yi kauri tukuna, sannan lemun tsami ya shiga bayan an sauke. Kada kuma a juye shi gaba ɗaya wuri guda, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana juyawa.

Ya riga ya tsinke, baƙi kuma suna hanya. Akwai gyara?

A sauke shi nan take. Idan mai ne kawai ya taso sama yana ƙyalli, wannan mai sauƙi ne: a zuba kirim mai sanyi cokali biyu, ko ruwan sanyi cokali ɗaya, a burga da maburgi da ƙarfi, zai koma ya haɗe. Idan kuwa gudaji ne farare kamar na awara, kasin ya riga ya dunƙule, ba ya komawa yadda yake. Abin da za a iya shi ne a zuba a bilenda a markaɗa rabin minti, a tace da rariya mai laushi, a ƙara sabon kirim kaɗan. Ba zai yi sumul kamar na farko ba, amma zai ciwu lafiya, ɗanɗanonsa bai tafi ko'ina ba. Kada a sake mayar da shi kan wuta mai ƙarfi.

Zan iya amfani da kindirmo ko yogot a maimakon kirim?

A sos mai sanyi, ƙwarai kuwa, har ma na fi son su a kan kifin da aka gasa. Kindirmo ya fi nono dacewa domin ba a cire masa mai ba. A zuba shi a kyalle mai tsabta a rataye, ko a ɗora a rariya cikin firij awa biyu zuwa uku, ruwan ya tsiyaye, abin da ya rage zai yi kauri kamar kirim. Yogot kuma a tabbatar marar sukari ne. Tun da sos mai sanyi ba ya hawa wuta, a nemi kindirmon da aka san an dafa madararsa kafin a kwantar.

A sos mai zafi sai an yi dabara, domin kitsensu bai fi na madara da yawa ba, ga tsami a jikinsu tun asali. A dama ƙaramin cokali ɗaya na garin sitacin masara a cikin kofi ɗaya na yogot tun yana da sanyi. A ɗebi romo mai zafi cokali-cokali ana zubawa a ciki ana juyawa har ya yi ɗumi, sannan a juye a kasko a kan wuta ƙasa-ƙasa. Sitacin yana hana kasin dunƙulewa. Lemun tsami kuma a rage shi rabi.

Mai son kirim irin na Faransa kuma bai samu ba, yana iya yin nasa: kofi ɗaya na kirim mai kitse, babban cokali ɗaya ko biyu na yogot mai rai, wato wanda ƙwayoyin da ke tsamantar da shi ba su mutu ba, a juya, a rufe, a ajiye a ɗaki. A ƙasashen sanyi yakan ɗauki awa 12 zuwa 24. A zafin Kano ko Zinder kuwa a fara dubawa tun awa shida, da ya yi kauri a kai shi firij.

Madarar gwangwani fa?

Tana yi idan babu wani abu, amma kitsenta bai kai kashi 10 ba, don haka ba ta jure tsami ita kaɗai. A soya fulawa babban cokali ɗaya a cikin botar bayan albasa ta yi laushi, a zuba romo, sannan madarar, a bari ya yi kauri, a sauke kafin lemun tsami. Tana da ɗan zaƙin dafaffiyar madara, mustad, wato kwaɓin nan rawaya mai ɗan yaji da ake sayarwa a kwalba, kaɗan yana rufe shi.

Kusan duk girkin da na gani ana zuba giyar inabi. Da me zan maye gurbinta? Gaskiya ne wuta tana ƙone ta?

Wuta ba ta ƙone ta duka. Binciken da aka yi wa ma'aikatar noma ta Amurka ya nuna cewa bayan minti 15 ana dafawa, kusan kashi 40 cikin ɗari na barasar yana nan, ko bayan awa biyu da rabi ma akwai saura wajen kashi 5. Sos ɗin da duka-duka minti goma ne a wuta bai isa ya kore ta ba. Wanda ba ya shan giya ya bar ta gaba ɗaya.

Abin da giyar ke kawowa a tukunya tsami ne da ɗan zaƙin 'ya'yan itace, kuma ana samun su ta wata hanya. A rabin kofin romon kifi a ƙara ƙaramin cokali biyu na ruwan khal na tuffa da ɗan sukari a bakin cokali, a bari su tsotse tare da albasa kafin kirim ya shiga. Tsotsewar tana kashe kaifin khal ɗin. Inda ake samun ruwan ɗanyen inabi wanda bai nuna ba, da Faransawa ke kira verjus, Iraniyawa kuma suka daɗe suna girki da shi, shi ya fi kusa da abin da ake nema, kuma babu barasa a cikinsa. A karanta jikin kwalbar mustad ma, domin wasu nau'in na garin Dijon na Faransa da giyar inabi ake haɗa su.

Ƙananan lemun tsaminmu kore ɗaya suke da manyan rawaya na girkin Turai?

Dangi ne amma ba ɗaya ba. Namu ya fi ƙamshi mai kaifi, kuma yana saurin komawa ɗaci idan ya ji wuta ko ya daɗe a matse. A matsa shi a lokacin da za a zuba, a fara da ƙasa da abin da girki ya ce. Wajen gurza ɓawo, koren saman kawai ake so, farin da ke ƙarƙashi ɗaci ne zalla. Tsamiya ma na gwada ta: tana da daɗi da gasasshen salmon, sai dai tana mayar da sos ruwan ƙasa, kuma nauyinta ya fi dacewa da madarar kwakwa fiye da kirim.

Na ji ana maganar salmon da ganyen oseille a Faransa. Yakuwa ce?

Wannan girki ne mai tarihi. 'Yan'uwa biyu, Jean da Pierre Troisgros, su suka fito da shi a gidan abincinsu da ke garin Roanne a farkon shekarun 1960, kuma gidan ya samu tauraro uku na Michelin, wato matsayi mafi girma a littafin tantance gidajen abinci na Michelin, a 1968. Sun yanka kifin fale-fale, suka soya shi na 'yan daƙiƙoƙi a kowane gefe, suka shimfiɗa sos ɗin kirim a ƙasan faranti, kifin a sama. Tsamin sos ɗin daga wani ganye yake fitowa, wanda ake jefawa a ƙarshe, ya narke nan da nan.

Ganyen nasu ba yakuwa ba ce, tsiro ne daban na ƙasashen sanyi. Amma masu jin Faransanci a Nijar da maƙwabta suna kiran yakuwa da wannan suna saboda tsaminsu ya yi kama, kuma a tukunya yakuwa tana tsayawa a gurbinsa da kyau. Bambancin shi ne ganyenta ya fi tauri. A zaɓi ƙananan ganye masu taushi cikin tafin hannu ɗaya, a cire jijiyar tsakiya, a yanka siri-siri, a tsoma a tafasasshen ruwa rabin minti, a matse, sannan a zuba a sos bayan ya yi kauri. Mai jan kara takan ba sos ɗin launi ja-ja mai haske, wanda ke zama da kyau kusa da launin kifin. Da yakuwa a ciki, sau da yawa ba a buƙatar lemun tsami sai 'yan ɗigo. Cikin duk abin da ke shafin nan, wannan na fi so mutane su gwada.

Yaya ake sos mai sanyi, kuma yaushe ya fi mai zafi?

A haɗa giram 200 na kirim mai tsami ko tataccen kindirmo, da ƙaramin cokali ɗaya na mustad, da babban cokali ɗaya na ruwan lemun tsami, da yankakken ganye, da gishiri. Mai samun kefa, wato ƙananan tohon furen nan na yankin Bahar Rum da ake jiƙawa a gishiri ko khal, ya daddatsa cokali ɗaya ya zuba, amma ya rage gishiri. A rufe a sa a firij rabin awa kafin a ci, ɗanɗanon yana buƙatar lokaci ya ratsa.

Shi ya fi dacewa da kyafaffen salmon, da wanda aka gasa a gawayi, da ragowar kifin jiya. Kuma ga wanda bai saba ba, da shi ya kamata ya fara, tun da babu wutar da za ta tsinka shi.

Ba na samun ganyen dil. Me zan sa?

Dil shi ne abokin salmon a Suwidin da Norwe da Finland, babu ganyen da ke da ƙamshinsa sak. Lawashi yankakke siri-siri shi ne na fi ba da shawara, sai fasili, ko a haɗa su. Na'a-na'a kaɗan tana yi a sos mai sanyi. Ɗoɗɗoya tana danne kifin. Busasshen dil na kwalba a sa kashi ɗaya cikin uku na ɗanye. Kowane ganye ne, bayan an sauke yake shiga.

Bota ko man shanu?

Bota ta gaskiya, wadda aka yi da madara. Yawancin abin da muke kira bota na shafa wa burodi da man itatuwa aka yi shi, yana barin maiƙo a dasashi. Ɗanyen man shanu mai tsabta yana yi. Soyayye kuwa ƙamshinsa ya fi ƙarfin wannan sos, sai dai a soya kifin da shi.

Mutanen Norwe suna da wani sos da aka raɗa wa sunan garin Sandefjord: a tafasa kirim ya tsotse, a rage wuta sosai, a riƙa jefa bota mai sanyi gutsure-gutsure ana burgawa, a ƙarasa da lemun tsami da fasili. Da dafaffen kifi da dankalin turawa suke cinsa. Bayan bota ta shiga, tafasa ɗaya ta isa ta raba shi, sai a koma ga amsar gyaran sos da ya tsinke.

Sos ɗin ya yi toka-toka, yana ɗanɗanon ƙarfe. Daga ina?

Daga tukunya. Tsami yana cin alminiyam da baƙin ƙarfe marar rufi, ya kwaso launi da ɗanɗanonsu. A yi sos ɗin a kaskon ƙarfe marar tsatsa ko mai rufin da abinci ba ya kamawa, a juya da cokalin katako.

Wanne zan fara, kifi ko sos?

Sos. Shi yana iya jira minti goma a rufe a gefen murhu, kifi ba ya jira. A bar lemun tsami da ganye sai kifin ya sauka. A tsane kifin da kyau, a sa gishiri, a kwantar da gefen fata a kasko mai zafi, a bar shi ya yi yawancin dahuwarsa a wannan gefen, sannan a juya na minti ɗaya ko biyu. Hukumomin abinci na Amurka sun ce cikinsa ya kai digiri 63 a ma'aunin Selsiyos, masu dafa abinci da yawa kuma suna saukewa a wajen 52 don ya fi taushi. Mai juna biyu da ƙananan yara da marasa lafiya su tsaya a 63. Farin abin nan da ke tsattsafowa a jikin kifin ba cuta ba ne, alama ce wuta ta yi yawa. Idan fata ta soyu ƙarau, a zuba sos a ƙasa ko a gefe, kada ya jiƙa ta.

Kwana nawa yake yi, kuma za a iya ɗumama shi?

Kwana biyu zuwa uku a firij a rufe. A waje kada ya wuce awa biyu, idan zafin gari ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, a yi daidai ci kawai. Firiza tana raba shi. Wajen ɗumamawa, a ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi, a ƙara cokali ɗaya na kirim ko ruwa, ana juyawa har ya yi ɗumi, sannan a sake ɗanɗanawa domin tsamin yakan dushe idan ya kwana.

Salmon ya yi tsada. Wane kifi zan ci da wannan sos?

Titus ne ya fi kusa, domin shi ma mai kitse ne, har ya fi salmon ƙarni, saboda haka a ƙara masa mustad da tsami. Na yakuwa yana karɓarsa sosai idan an gasa shi. Giwan ruwa da karfasa ba su da kitse da yawa, su a rage lemun tsami a ƙara bota kaɗan. Tarwaɗa kuwa a wanke yauƙinta da lemun tsami da ruwan ɗumi, a gasa ta, a ba ta sos mai sanyi na kindirmo da lawashi.